Ciwon CGD a gidan manomin shinkafa: maganin kullum, allura, ko dashen ɓargo?

Ɗan ƙanwata yana da wata huɗu a duniya uwarsa ta lura lambar da aka yi masa ranar haihuwa, wato allurar BCG ta damtsen hagu, ta ƙi warkewa. Wurin sai ruwa yake yi, ga kaluluwa ta fito masa a hammata kamar ƙwan zabo. Daga nan maruru suka sa shi gaba, yau a wuya, gobe a ɗuwawu, jibi a bayan kunne. Kakarsa ta wajen uba ta kira wanzami ya yi masa sakiya har sau biyu. Yana shekara uku, kaka ta yi, aka bugo shinkafa daga fadama aka jibge a tsakar gida, mata na shiƙa yaron na birgima cikin buntu. Ba a yi kwana uku ba ya kama tari da zazzaɓi mai zafi. Aka ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata shida, maganin ya ƙare tarin na nan.

Wani likitan yara ne ya yi wa ƙanwata tambayar da ta buɗe ƙofa. Ya ce a ɗakinku akwai namijin da ya rasu yana ƙarami da irin wannan lalura? Akwai kuwa. Ƙanenmu ne, ya rasu yana shekara huɗu, kuma har yau in aka tuna da shi Inna cewa take yi, "Wanga yaro maruru ba su bar shi ya huta ba har ya koma." Aka ɗebi jinin yaron aka aika gwaji, sakamako ya dawo da haruffa uku: CGD, wato chronic granulomatous disease, ciwon raunin garkuwar jiki da ake haifar yaro da shi.

Tun daga ranar muke cikin shawara, wani ya ce a sayar da fadama a tafi Indiya, wani ya ce a riƙe magani a bar wa Allah. Na rubuta wannan ne domin iyayen da ke tsaye inda muke tsaye.

Abin da ke faruwa a jikin yaron

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira nutirofil. Aikinsu su haɗiye ƙwayar cuta, sannan su watsa mata wani sinadari mai ƙuna, ɗan uwan Hypo ɗin nan da mata ke cire dattin farin yadi da shi. Injin da ke haɗa wannan sinadari a cikin ƙwayar jinin sunansa NADPH oksides, kuma sassa biyar ne ke haɗuwa su tayar da shi. Mai CGD an haife shi ɗaya daga cikin sassan nan ya lalace ko babu shi ɗungurungum. Ƙwayar jininsa tana haɗiye cutar lafiya lau, kashewar ce ba ta iyawa. Da jiki ya ga haka sai ya yi ta tara ƙwayoyin jini yana kewaye wurin, har ya zama ƙulli. Irin wannan ƙullin na iya toshe mafitar ciki yaro ya yi ta amai, ko ya toshe hanyar fitsari, ko ya kumbura hanji a yi ta gudawa da jini.

Shi ya sa gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna komai. Adadin fararen ƙwayoyin daidai yake, wani lokaci ma ya haura. Gwajin da ke kama shi biyu ne: tsohon da ake kira NBT, da sabon da ya fi shi inganci, DHR. Na biyun yana son ɗanyen jini da zai isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya zuwa biyu, akan kuma haɗa da jinin wani lafiyayye domin a gwama.

Ciwon ba ƙanjamau ba ne, ba a ɗaukarsa, ba daga nonon uwa yake ba. Gado ne, ta hanya biyu. Ta farko, wadda ita ce kusan biyu bisa uku na masu ciwon a Turai da Amurka, ta wajen uwa take biyowa, daga wata ƙwayar gado mai suna CYBB. Uwar tana ɗauke da shi ba tare da ta kwanta ba, sai dai wasu kan yi fama da gyambon baki ko ƙurajen fuska idan sun sha rana. Duk ɗa namiji da za ta haifa, rabi da rabi ne ya zo da ciwon. Duk 'ya mace, rabi da rabi ne ta ɗauko shi kamar uwarta. Irin namu ke nan. Hanya ta biyu sai uwa da uba duk suna ɗauke da lahani iri ɗaya, mafi yawa a ƙwayar NCF1, kuma kowane ciki akwai ɗaya bisa huɗu na haifar mai ciwon, mace ko namiji. Wannan ya fi yawa inda ake auren zumunci, mu kuwa nan ɗan wa da 'yar ƙane ba baƙon abu ba ne. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure na sikila ne kawai, ba ya ganin wannan.

A Amurka an ƙiyasta kamar jariri ɗaya cikin 200,000 ne ke zuwa da shi. Lokacin da aka fara bayyana shi a shekarun 1950, yawancin yaran ba sa kai shekara goma. Yanzu da yawa suna girma har su yi aure, kuma hanyoyin da suka kawo wannan canji su ne za mu auna.

Ma'aunin da za a ɗora kowace hanya

Kuɗi shi ne abin da kowa ke fara tambaya, amma kuɗin iri biyu ne: wanda za a zube lokaci guda, da wanda zai riƙa fita kowane wata har tsawon rai. Sai ɗorewa, wato shin hanyar tana cire ciwon ne ko tana riƙe shi. Sai sauƙin bi ga wanda ke zaune a Argungu ko Bunza ko Yawuri, inda wuta ke zuwa ta tafi, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiyar sa'o'i ce. Sai haɗarin da ita kanta hanyar ke ɗauke da shi.

Akwai kuma abu biyu da ba a aljihu suke ba, a jinin iyali suke, kuma su ne suka fi yanke hukunci. Na ɗaya, nawa ne ya rage na ƙarfin ƙwayoyin yaron. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna cewa wanda ƙwayoyinsa ke iya fitar da ko ɗan kaɗan na sinadarin nan ya fi tsawon rai nesa ba kusa ba a kan wanda ba ya fitar da komai. Masu nau'in NCF1 galibi suna da wannan ɗan saura, da yawa daga masu CYBB kuwa ba su da shi. Na biyu, ko akwai wanda ɓargonsa ya dace da na yaron a cikin 'yan ɗakinsu.

Hanya ta ɗaya: maganin kullum da kiyaye muhalli

Magani biyu ne ake sha kowace rana, ko yaro na lafiya ko ba ya lafiya. Septrin domin bakteriya, musamman wadda ke kawo maruru da ƙurjin hanta. Sai itirakonazol, wanda wani kamfani ke sayarwa da sunan Sporanox, domin funfuna. Amfanin na biyun an tabbatar da shi a wani gwaji da aka wallafa a 2003 kan mutum 39 masu ciwon. Likita ne ke yanka adadin gwargwadon nauyin yaro, kuma duk lokacin da yaron ya ƙara nauyi sai an sake lissafi, abin da iyaye da yawa ke mantawa har yaro ya shekara biyu yana shan awon jariri.

Ta fuskar kuɗi wannan ce mafi sauƙi. Septrin na cikin magunguna mafi arha a kowane kemis. Itirakonazol ya ninka shi tsada sau da yawa, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an aika Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano. Ku sayi na wata biyu a tare daga amintaccen kantin magani, ku duba lambar NAFDAC, domin jabun magani ga irin wannan yaro daidai yake da rashin magani, har ya fi muni tunda hankalin iyaye a kwance yake. Kuɗin da ba a lissafawa shi ne na kwanciya asibiti. Maganin yana rage yawan kamuwa, ba ya hana ta gaba ɗaya, kuma kamuwa ɗaya ta funfunar huhu na iya cinye makonni a gadon asibiti da magungunan jijiya masu tsadar gaske.

Haɗarinsa sananne ne. Septrin na iya kawo ƙuraje, a wasu 'yan tsiraru har fata da leɓe su saɓule, wanda ke buƙatar a tsayar da shi nan take a garzaya asibiti. Maza da yawa a ƙasar nan suna da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma Septrin na iya farfasa musu jini, don haka a nemi a yi wannan gwajin tun farko. Kada a haɗa masa da Fansidar, dangi ɗaya ne. Itirakonazol kuwa yana son a riƙa duba hanta lokaci zuwa lokaci, ƙwayarsa ana sha ne bayan an ci abinci, na ruwansa kuma da wofin ciki. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana kore itirakonazol daga jini har ya zama kamar ba a sha ba. Masu CGD kuwa suna kamuwa da tarin fuka fiye da sauran yara. Duk likitan da zai rubuta ɗaya, ku gaya masa yaron na shan ɗayan.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Babban makashin masu wannan ciwo wata funfuna ce mai suna Aspergillus, kuma gidanta shi ne ruɓaɓɓen tsiro: ciyawa, ƙaiƙayi, buntu, harawa, takin gargajiya, tsohon rumbu, jinkar ɗaki da ta sha damina. Likitocin Turai kan ce wa iyaye kada yaro ya kusanci tarin ciyawa ko juji, su wuce, domin a wurinsu sau ɗaya ne a shekara yaro zai ga irin wannan. Mu a Kebbi wannan ita ce rayuwar. Daga Oktoba zuwa Disamba iskar gari kanta ƙaiƙayi ce, ana gama na damina kuma ga shinkafar rani. Injin casa na bakin kasuwa, harawar tumaki na kan danga, rumbu na bayan ɗaki. Shaƙar ƙurar nan da yawa a lokaci guda na iya kwantar da yaron cikin 'yan kwanaki da numfashi sama-sama, kamar yadda ya faru da namu.

Abin da muka yi a gidan ƙanwata ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya yi aiki. An mayar da shiƙa da sussuka gidan kawun mijinta. An fitar da awaki da harawarsu daga tsakar gida. An cire rufin kara na ɗakin da yaron ke kwana aka sa kwano da silin. Idan kaka ta kama sosai, yakan koma wurina a cikin gari na wasu makonni. Sannan an hana shi wanka a gulbi da kududdufi, domin akwai ƙwayoyin cuta na ruwa da ƙasa da ke saurin kashe mai CGD. Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Yaro a ƙasar Kabi, sa'o'insa na tsalle cikin ruwa suna mafarkin ranar da za su shiga Matan Fada da homa da gora, shi yana bakin gaɓa riƙe da takalmansu. Ba wanzami, ba sakiya, ba tsaga. Zazzaɓi ko wane iri, asibiti a ranar, ko da kowa ya ce maleriya ce.

Ɗorewa fa? Wannan hanya ba ta warkarwa. Tana sayen lokaci, wani lokaci shekaru masu yawa, amma kowace kamuwa na barin tabo a huhu ko hanta, ga kumburin hanji da ke sa a yi ta shan maganin rage kumburi mai suna firedinisolon har yaro ya tsumbure. Kuma lokacin da ta fi rushewa shi ne samartaka, sa'ad da yaro ya ga kansa garau ya fara tsallake magani.

Hanya ta biyu: ƙara allurar intaferon gama

Ba madadin ta farko ba ce, ƙari ce a kanta. Allura ce ta ƙarƙashin fata sau uku a mako, ana sayar da ita da sunan Actimmune a Amurka, Imukin a Turai. A wani gwaji na 1991 kan mutum 128, waɗanda aka yi wa ita sun samu raguwar munanan kamuwa da kusan biyu bisa uku. Likitocin Amurka na amfani da ita sosai, na Turai da yawa ba sa ba kowa. An yi gwajin ne kafin itirakonazol ya zama na kullum, don haka bai nuna ko amfanin zai kai haka ga mai shansa ba.

Ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. A Amurka kuɗinta na shekara na kai ɗaruruwan dubban daloli. Dole a shigo da ita daga waje, dole ta zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8 ba yankewa, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Takan sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan an yi ta, abin da ke rikita iyaye su kasa bambance na allura da na cuta. Wanda ke da kuɗin riƙe ta shekara biyu, yana da kuɗin dashe.

Hanya ta uku: dashen ɓargo

Ita ce kaɗai tabbatacciyar hanyar da ke cire ciwon. Ana ba yaro magunguna masu ƙarfi irin na kansa su share ɓargonsa, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya kamar ƙarin jini. Idan ya kama, sabon ɓargon zai riƙa ƙera nutirofil masu aiki har ƙarshen rayuwa. Mai bayarwa ba ya rasa komai na dindindin, ɓargonsa na mayar da kansa cikin 'yan makonni.

Alƙaluman suna da ƙarfafa gwiwa. Wani rahoto na 2014 kan mutum 56 da aka yi wa dashe da sassauƙan maganin share ɓargo ya nuna kashi 93 cikin 100 sun rayu. Wani mafi girma na 2020, daga cibiyoyin da ke ƙarƙashin ƙungiyar dashen ɓargo ta Turai, ya bi mutum 712, ya samu kusan kashi 86 cikin 100 na raye bayan shekara uku. Ku juya lissafin ku gani: kamar ɗaya cikin bakwai bai kai ba. Sakamakon ya fi kyau ga 'yan ƙasa da shekara 18 da kuma waɗanda ɓargon mai ba su ya dace sosai. A Ingila an gwama yaran da aka yi wa dashe da waɗanda ke kan magani a 2013, aka ga yawan masu rai a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne a shekarun ƙuruciya, amma na dashen sun fi tsawo, sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Sai dai yaron Ingila da ke kan magani ba ya kwana kusa da rumbu, asibitinsa kuma na bayan gida. Ni a ganina wannan bambanci yana ƙara wa dashe nauyi a ma'auninmu.

Dacewar ɓargo ba dacewar rukunin jini ba ce. Gwaji ne daban mai suna HLA. Kowane ɗan uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya bisa huɗu ta dacewa, kuma a nan yawan haihuwarmu ya zama alheri, domin mai 'yan ɗaki biyar ya fi mai ɗaya dama. 'Yan uba ba kasafai suke dacewa cikakkiya ba. Duk wanda ya dace sai an yi masa DHR shi ma, kada a ɗauko ɓargon mai ciwon da bai riga ya bayyana ba. 'Yar uwa mai ɗauke da gadon ana iya karɓar nata a wasu lokuta, amma likitoci sun fi son wadda ba ta ɗauke da shi. Idan babu a gida, akan duba rajistar masu bayarwa ta duniya, inda 'yan Afirka ba su da yawa, ko a yi da rabin dacewa daga uwa ko uba, wanda haɗarinsa ya fi girma.

A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, an kuma fara a na Jami'ar Legas a 2024, dukansu domin masu sikila. CGD kuwa yana son cibiyar da ta saba da yara masu raunin garkuwar jiki, shi ya sa iyalai ke duban Indiya, inda kuɗin ke kai dubun-dubatar daloli, ko Ingila da Amurka, inda yake ɗaruruwan dubbai. Abin da asibiti zai rubuto muku a takarda ba shi ne duka ba. Ku ƙara tikitin mutum uku, mara lafiya da mai bayarwa da mai jinya. Ku ƙara haya da abinci na aƙalla kwana 100 kusa da asibitin bayan an sallame ku. Ku ƙara maganin danne garkuwa na watanni, da gwajin jini a kai a kai bayan an dawo. Sannan ku ware wani abu domin tangarɗa, domin mako biyu a ɗakin kulawa ta musamman na iya rusa duk lissafin. Ku yi magana da asibitin kai tsaye ta hannun likitanku, ku tambaye su masu CGD nawa suka taɓa yi wa dashe, nawa suka rayu. Dillalin da ke cewa an ba da tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, ku rabu da shi.

Haɗarin na gaske ne. Makonnin farko yaro ba shi da garkuwa ko kaɗan. Sabon ɓargon na iya ƙin kamawa. Yana kuma iya kamawa ya juyo ya yaƙi jikin yaron, fata da hanji da hanta, abin da likitoci ke kira GVHD. Maganin share ɓargo na iya taɓa haihuwa nan gaba, maganar da ya kamata a yi wa iyaye ɓaro-ɓaro tun kafin a sa hannu. Bayan an dawo gida sai an sake rigakafin yara daga farko, a kuma tsare shi daga sauro sosai. Wani abu kuma: dashe yana gyara jini ne, ba ya goge gadon. Namijin da ya warke daga nau'in CYBB, duk 'ya'yansa mata za su ɗauki gadon, maza kuwa ba ruwansu.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a ɗauki dashe a matsayin abin da za a yi in komai ya ƙi. Yaron da funfuna ta riga ta cinye masa huhu shi ne dashe ya fi yi wa haɗari. Lokacin da ya fi dacewa a tafi shi ne lokacin da yaron ke wasa a tsakar gida, daidai lokacin da zuciyar uwa ba za ta yarda a taɓa shi ba.

Hanya ta huɗu: gyaran ƙwayar gado

Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon yaron kansa, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa, don haka babu neman mai bayarwa, babu GVHD. Wani gwaji da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2006, ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya mutum biyun da aka yi wa suka kamu da lalurar ɓargo mai kai wa ga kansar jini. Wani sabon salo da aka wallafa a 2020 an gwada shi kan mutum 9: biyu sun rasu da cututtukan da suka shigo da su, shida daga cikin bakwai da suka rage ƙwayoyinsu sun ci gaba da aiki. Har yanzu a matakin gwaji yake, ba abin da za a je a saya ba ne, kuma ba hujja ba ce ta jinkirta dashe ga wanda ke da mai ba shi.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin bi a Kebbi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Septrin da itirakonazol | Kaɗan a wata, har tsawon rai, ban da kuɗin kwanciya asibiti | Tana riƙewa, ba ta warkarwa | Mai yiwuwa, wahalar na wajen guje wa ƙaiƙayi | Funfunar huhu, jabun magani, tsallake sha |
| Ƙarin intaferon gama | Mai yawa ƙwarai, kowace shekara | Tana riƙewa | Da wuya, sai firji da shigowa daga waje | Zazzaɓi, lalacewar allura da zafi |
| Dashen ɓargo | Dubun-dubatar daloli zuwa sama, lokaci guda | Tana warkarwa idan ta kama | Tafiyar watanni, sai an samu mai bayarwa | Mutuwa a watannin farko, GVHD, rashin haihuwa |
| Gyaran ƙwayar gado | Ba a sayarwa | Ana kan bibiya | Sai ta shiga gwajin bincike | Yana iya daina aiki, lalurar ɓargo |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Duk wanda gwaji ya tabbatar masa da CGD, maganin kullum ya fara yau, ko da tikitin Indiya na aljihunsa. Haka in uwar ta sake haihuwa, kada a yi wa jaririn BCG sai an gwada shi, a gaya wa ma'aikatan ɗakin haihuwa tun ana awo.

Yaro ƙarami mai nau'in CYBB, wanda DHR ya nuna ƙwayoyinsa ba sa fitar da komai, kuma aka samu ɗan ɗakinsu da ya dace: dashe, da wuri, tun huhunsa na da kyau. A nan ne sayar da kadara ke da ma'ana. Amma kada a sa fadama a kasuwa kafin sakamakon HLA ya fito, gwajin ƙaramin abu ne in aka gwama shi da kuɗin tafiyar, kuma shi zai faɗa muku ko akwai tafiyar ma.

Wanda ya taɓa yin funfunar huhu, ko ƙurjin hanta, ko kumburin hanjin da ya ƙi jin magani: ciwon ya riga ya nuna irin halinsa. A kashe wutar da ke ci yanzu, sannan a nemi dashe ko da babu cikakkiyar dacewa a gida, a cibiyar da ta saba yi da rabin dacewa.

Mai nau'in NCF1 da ya kai shekara goma sha ko ya girma bai taɓa doguwar kwanciya ba: maganin kullum, ganin likita a kai a kai a asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko a Sakkwato, da sana'ar da ba ta noma ko kiwo ko injin casa ba. A dai yi wa 'yan ɗakinsu HLA a ajiye sakamakon, ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyalin da ba su da halin dashe ko ta wace hanya, kuma su ne mafi yawa: kuɗin da ke hannu ya tafi kan itirakonazol na gaskiya wanda ba ya yankewa, da rufin kwano a ɗakin yaron, da wani abu a ɗaure a gefen zane domin motar asibiti ranar da zazzaɓi ya zo cikin dare. Intaferon kuwa sai ga wanda ke zaune a ƙasar da inshora ke biya masa.

Mu namu sakamakon HLA ya fito watan jiya. Cikin 'yan ɗakinsu huɗu, yayarsa mai shekara tara ce ta dace, kuma DHR ya nuna ba ta ɗauke da gadon. Mijin ƙanwata ya ce a bari a kwashe shinkafar rani tukuna, a ga abin da za ta kawo.